Lambu Irin na Faransa a Kaduna: A Je a Duba a Watan Maris Kafin a Sayi Dashe

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ka ɗan ba mu fili a wannan jarida mai farin jini, mu yi magana a kan wani yayi da ya shigo gidajen Kaduna, daga Malali da Unguwar Rimi har Barnawa. Mutum zai ga hoton lambun wata fada ta Faransa a Facebook, shinge a aske tsaf kamar da rula aka ja shi, sai ya kira mai fulawa ya miƙa masa waya ya ce irin wannan nake so. A ciko mota da dashe a watan Agusta, a dasa, kowa ya yaba. Kafin watan Maris ya fita rabi ya bushe, ragowar kuma ya yi buzu-buzu ya shafe layin da aka ja. Mu masu aikin lambu ne da renon dashe, kuma abin da muke son faɗa shi ne irin wannan lambu yana yiwuwa a Kaduna, amma da tsirran da suka saba da ranarmu. Wurin zaɓen su kuwa lambunan da ke garin nan ne, a watan da ya fi kowane wata tsanani.

Bari mu fara da asalin abin. Wanda ya fi kowa suna a wannan fanni shi ne André Le Nôtre, wanda ya rayu daga 1613 zuwa 1700. Shi ya tsara lambun gidan Vaux-le-Vicomte wa Nicolas Fouquet, mai kula da baitulmalin Faransa a lokacin. A watan Agustan 1661 Fouquet ya gayyaci Sarki Luwi na 14 liyafa a gidan, ba a cika wata guda ba aka kama shi, sarki kuma ya sa mai lambun aiki a fadar Versailles, wadda Faransawa ke furta sunanta kamar Bersai, kimanin kilomita 20 daga Faris. Lambun da dajin da ke kewaye da shi sun kai hekta 800 a yau. Duk da wannan girma, ginshiƙan tsarin kaɗan ne. Akwai miƙaƙƙiyar hanya guda da ta taso daga tsakiyar ginin ta raba filin biyu, abin da ke dama shi ne a hagu. Kusa da gini komai gajere ne, fangula masu gefen shinge da aka aske, domin an yi su ne a kalle su daga bene. Can nesa sai dogayen bishiyoyi a jere, su zama katanga. Sai ruwa a kwance cikin tafki mai kusurwa, da lemo a cikin akwatuna. Furanni su ne na ƙarshe a lissafi. A fangulan da ake wa zane kamar aikin wuyan babbar riga, sau da yawa abin da ke tsakanin layukan shinge yashi ne da dakakken jan bulo. Wanda ya fahimci wannan ya huta da rabin kashe kuɗi.

Bambancinmu da su na ruwa ne da rana. Faris na samun ruwan sama wajen milimita 640 a shekara, a rarrabe cikin watanni goma sha biyu. Kaduna na samun kusan ninkin haka, amma a cikin wata shida, sannan sama ta ɗauke daga Nuwamba sai Afrilu ko Mayu. Su ma can ruwan bai taɓa isar su ba. A 1684 aka gama wata na'ura a Marly, kusa da Bersai, mai manyan ƙafafu 14 da ke ɗago ruwa daga Kogin Sen, amma duk da haka sai sarki ya doso ake kunna maɓuɓɓugar da ke gabansa, yana wucewa a kashe. Idan sarkin Faransa ya yi tsimin ruwa, mai rijiyar burtsatse guda ba shi da dalilin jin kunya.

Tsiron da aka gina waɗannan lambuna a kansa shi ne wanda masana ke kira Buxus, ɗan ƙaramin ganye mai tauri, mai jinkirin girma, sau ɗaya ko biyu ake aske shi a shekara. Kada kowa ya ɓata kuɗinsa a kansa a nan. Zafin bazara da jiƙewar marka ba su yi masa. A Faransar ma wata tsutsa da ta shigo Turai daga gabashin Asiya wajen 2007, haɗe da cutar ganye, ta yi masa ɓarna har sai da aka tumɓuke na manyan fangulan Vaux-le-Vicomte a 2019.

To ina za a je a duba? Ƙofar Gamji ce farko, wadda a hukumance ake kira da sunan Janar Hassan Usman Katsina, a bakin Kogin Kaduna, inda gadar Lugard take, wadda aka fara kafawa a Zungeru a 1904. Ba tsarin Faransa aka yi wa wurin ba, amma darasin inuwa yana nan. A tsaya a gindin kowace babbar bishiya a ga iyakar inda ciyawa ta daina fitowa, a auna da taku daga gindin. Wannan tazarar ita ce filin da bishiyar za ta cinye a gida bayan shekara ashirin. Daga nan sai a bi shatale-talen gari da tsakiyar manyan tituna da harabar ma'aikatu da makarantu da masallatai, domin a nan ne shinge ke rayuwa ba mai shagwaɓa shi. Wanda ke son sanin sunayen itatuwa ya nufi kwalejin gandun daji ta tarayya da ke Afaka, ko lambun tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru. Wanda kuma ke son ganin miƙaƙƙiyar hanya da ruwa a jere da idonsa, ya hau jirgin ƙasa a Rigasa ya je Millennium Park a Abuja, wanda aka buɗe a watan Disambar 2003. Ɗan Italiya ne ya tsara shi, Manfredi Nicoletti, kuma ɓangare guda nasa salon Italiya ne, wanda daga gare shi na Faransa ya samo tushe. Sai dai a tuna Abuja ta fi mu ruwa da laima.

Lokacin zuwa ya fi wurin zuwa muhimmanci. A Agusta ko sandar da aka kafa a ƙasa tana iya toho, don haka ziyarar damina ba ta nuna komai. A je a ƙarshen Fabrairu ko cikin Maris, bayan hunturu ya gama busar da ganye zafi kuma ya kama, kuma a je tsakanin azahar da la'asar, lokacin da tsiro mai rauni ke sunkuyar da kai. A durƙusa a duba ƙasan shingen. In ganye ya rufe shi har ƙasa, na kirki ne. In ƙafafu ne tsirara da ganye a sama kamar laima, ko tsiron ba ya jure aski ko mai askin bai iya ba. A juya ganye a duba bayansa ko akwai farin ƙwaro mai kamar auduga ko baƙin maiƙo irin na darɓa. A duba gindi ko gara ta yi masa rufin ƙasa. A duba daɓen da ke kusa ko saiwa ta ɗaga shi. A lura ta ina rana ke bugun sa, domin shingen da ke jikin katangar da ke kallon yamma yana shan zafi biyu, na rana da na siminti. Sannan a gai da mai ba da ruwan wurin, a yi masa tambayoyi uku: sau nawa yake ba da ruwa a mako, sau nawa yake aski a damina, wane ne ya mutu aka sake dasawa. Amsarsa ta fi kowane hoto. A ɗauki hoton ganye da fure da tsiron gaba ɗaya, a kai wa mai dashe, saboda suna ɗaya kan hau tsirrai uku a bakin masu sayarwa. Kuma kada a karya reshe sai da izini.

Duk wanda ya yi wannan zagaye zai ga duranta ta mamaye gari, wato mai ɗorawar ganyen nan da masu fulawa ke kira yalo bush. Dalili a fili yake: tana da araha, reshenta na kamawa cikin mako uku zuwa huɗu, tana jure almakashi. Aibinta saurin girma. A damina sai an aske ta duk mako biyu zuwa uku, in aka yi sakaci wata biyu layin ya tafi. A inuwa launinta na komawa kore, ta miƙe ta yi sirara. 'Ya'yanta masu ruwan lemo guba ne ga yara da dabbobi, amma wadda ake aska a kai a kai ba ta samun damar yin su. A ra'ayinmu ɗorawar ta yi yawa in aka zagaye lambu duka da ita, don kwarjinin salon Faransa a kore mai duhu yake. In za a sa ta, ta zama zare ɗaya cikin zanen.

Abin da muka fi ba da shawara, kuma mutane ke rainawa don sabo, shi ne lalle. Ganyensa ƙanana ne, rassansa a cushe, yana karɓar aski, fari ba ya kashe shi, furensa kuma ga ƙamshi. Ana dasa reshensa mai kaurin fensir, tsawon santimita 20 zuwa 25, ko a yafa irinsa a fangali a ciro dashe. In ya ji ƙishi a rani yakan zubar da wani ganyen ya yi fari-fari, amma ruwa sau biyu a mako ya ishe shi ya riƙe korensa. Tsohon lalle yana yin tsini a bakin rassa, saboda haka kada a matse hanya da shi. Ya fi kyau a shingen da ya kai gwiwa zuwa ƙugu. Abin da aka aske kuma ba shara ba ne, matan gida sun san inda za su kai shi.

Ikzora, mai jan fure a dunƙule, ita ce ta fi kama da abin da ake gani a hotuna idan aka sami gajeriyar mai ƙananan ganye, kuma jinkirin girmanta alheri ne ga mai almakashi. Matsalarta ƙasa. Tana son ƙasa mai ɗan tsami, alhali yawancin sababbin gidaje an binne ɓaraguzan siminti da fulasta a tsakar gida an rufe da jar ƙasa. Siminti na kashe tsamin ƙasa, tsiron ya kasa jan sinadarin ƙarfe, sai sabon ganye ya fito rawaya jijiyoyinsa kore. Mai gida ya ɗauka yunwa ce ya ƙara takin zamani, abin ya ƙi. Maganin shi ne a haƙe ɓaraguzan a fitar tun kafin dashe, a nisanta ta da gefen kankare da kamar taku guda, a yawaita ruɓaɓɓen ganye. Tana kuma son ruwa fiye da lalle nesa ba kusa ba. Akwai muraya, 'yar uwar lemo mai farin fure mai ƙamshi da ganye kore shar mai sheƙi. Ita ce zaɓinmu a gefen da rana ba ta wuni, kuma tana yin shinge mai tsayin mita ɗaya zuwa biyu. A sani dai ƙwarin da ke damun lemo suna sauka a kanta.

Na tsaye kuwa, waɗanda ke maye gurbin dogayen itatuwan da ake askewa kamar dala, bishiyar maskwared ta wadatar. Da kanta take tashi siririya, ba ta neman aski. A jera ta mita biyu tsakani, kuma duk a saye su rana ɗaya, tsayi ɗaya, wurin mutum ɗaya, domin guda ɗaya da ta fi sauran tsawo ta isa ta ɓata layi. Fikus shi ne na yin ƙwallo ko murabba'i, amma ɗan uwan cediya ne da durumi, kuma halin saiwarsu ɗaya: neman ruwa har cikin sokawe da bututu. A sa shi a babbar tukunya, ko a nisanta shi da gini da rijiya aƙalla mita biyar. Haka bishiyar nan mai rassa hawa-hawa kamar laima da ta cika gidaje yanzu, kyanta a shekara uku na farko ne, daga nan sai ta fara ɗaga intalok. Mai babban fili, makaranta ko gidan gona, da ke son hanya mai bishiyoyi dama da hagu, darbejiya ta ishe shi, mita shida zuwa takwas tsakani, a riƙa sare kanta a tsayi ɗaya. Alhazai sun ga yadda aka jera ta a filin Arfa. Maɗaci ya fi ta kwarjini, amma na jikoki ne, kuma sai an tsare ɓawonsa daga masu neman magani. Gargaɗi ɗaya a nan: dashen da aka sauko da shi daga Jos, irin su wardi da itatuwan sanyi masu ganye kamar allura, a tudu mai tsayin mita 1,200 aka rene shi, Kaduna kuwa wajen rabin haka take. Yana da kyau a ranar saye. A tambayi mai sayarwa ko ya yi rani guda a hannunsa a nan garin.

Sai zane. Gidan Bahaushe ba a gina shi don na waje ya hango ciki ba, shi ya sa ƙofofin zaure ba sa kallon juna. Saboda haka kada a ja babbar hanyar daga get. A fara ta daga ƙofar falo ko barandar da iyali ke zama, ta ƙare a kan wani abu da ido zai sauka a kai, babbar randa ko bishiyar rumman ko benci. A kuma ware wurin shanya da wanki da wasan yara tun kafin a kafa turke, in ba haka ba igiyar shanya za ta ratsa tsakiyar lambun. Mu ɗauki fili mai faɗin mita 10 da tsawon mita 12. A fitar da hanya biyu masu gicciye juna, kowace faɗin mita ɗaya da rabi, a bar santimita 75 a jikin katanga ta kowane gefe. Abin da ya rage fangali huɗu ne, kowane mita 3.5 da mita 4.5. Wannan rabo huɗu ba baƙo ba ne ga Musulmi, shi ne tsarin tsofaffin lambunan Farisa, wato Iran, da na Taj Mahal. Kewayen kowane fangali mita 16 ne, huɗun mita 64. In ana dasawa santimita 25 tsakani, dashe 256 ke nan. A sayi 280, a ajiye ragowar a leda a gefe ana ba su ruwa, don cike giɓi da tsara ɗaya. Kusurwa kuma kada a amince wa ido. A yi yadda magina ke yi: a auna mita uku a igiya ɗaya, mita huɗu a ɗayar, in tsakanin bakinsu ya ba da mita biyar daidai, kusurwar ta tsaya. A zuba toka ko farar ƙasa a kan layin, a hau wuri mai tudu a kalla kwana biyu kafin a sa diga. Gidan da ba bene ba, shingen fangali kada ya wuce santimita 30 zuwa 40, in ya fi haka daga baranda bango kawai za a gani, zanen ya ɓace.

Kada a haƙa wa kowane dashe raminsa. A ja kwari ɗaya dogo, faɗin santimita 30, zurfin 40, yadda saiwoyi za su sami ƙasa iri ɗaya su tashi tare. Inda aka tarar da marmara sai an fasa ta, in ba haka ba kwarin zai zama kwatarniya a watan Agusta, ruwa ya kwanta, saiwa ta ruɓe, ganye ya yi yaushi alhali ƙasa na jiƙe. Gwajin mai sauƙi ne: a cika ramin da ruwa da yamma, in da safe yana nan, a nemi hanyar fitar da shi. A mayar da baro biyu na baƙar ƙasa, baro ɗaya na ruɓaɓɓen kashin shanu, baro ɗaya na yashin kogi. Ɗanyen kashin kaji ƙona saiwa yake yi, taki mai kara da ɓuntun da bai ruɓe ba kuma gayyatar gara ne. Lokacin dashe daga ƙarshen Mayu ne zuwa Yuni, da ruwa ya zauna, don tsiro ya sami wata huɗu yana kafa saiwa. Dashen Satumba da Oktoba hunturu ke tarar da shi bai kama ƙasa ba. A yage ledar a cire ta gaba ɗaya, a dasa daidai zurfin da yake a cikinta. Sannan abin da masu gida ba sa so: a datse kan kowane dashe ya dawo santimita 15. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma wannan datsewar ce ke sa ya yi rassa tun daga ƙasa. Takin zamani mai lamba 15-15-15, cikin tafin hannu ɗaya ga kowace mita, sau biyu a damina, a gefe ba a jikin kara ba. A rani kada a sa, sai dai a lulluɓe gindi da busasshen ganye.

Wajen aski, kuskuren da ya fi yawa shi ne a bar sama ta fi ƙasa faɗi. Saman sai ta yi wa ƙasan inuwa, ganyen ƙasa ya zube, kuma ba ya dawowa da sauƙi. Ƙasa ce za ta fi faɗi: in gindi santimita 30 ne, sama ta zama 25. A kafa turaku a ja igiya a tsayin da ake so, a yanka katako mai siffar shingen a riƙa gwadawa. A wasa almakashi, don dakusasshe tauna ganye yake yi, bakin ya bushe ya yi ja. Adda ba kayan aski ba ce. Kada a yi aski mai zurfi a Maris da Afrilu, ganyen ciki da bai saba da rana ba zai ƙone. In shinge ya riga ya lalace, a jira ruwan farko a sare shi ƙasa ya sake tashi.

Cikin fangali fa? Nan ne ake zubar da kuɗi a kan ciyawa. A rani kowace murabba'in mita ta ciyawa na shan lita biyar zuwa shida a rana. Fangulan nan huɗu murabba'in mita 63 ne, wato sama da lita 300 kullum, jarka goma sha biyu ko fiye, har wata biyar. Wanda ba shi da wannan ruwa ya bi asalin salon: ya daddaɓe ƙasa ya zuba dakakken jan bulo a wani sashe, farar tsakuwa a wani, kaurin santimita biyar. In dole sai ciyawa, kiri-kiri ta fi jure rana da taku, amma sai an yi mata iyaka da bulo don tana kutsawa cikin shinge. Hanyoyi ma tsakuwa a kan daddaɓaɓɓiyar marmara ta fi siminti sanyi, a karkata su santimita ɗaya zuwa biyu a kowace mita zuwa lambatu. Fure kuma launi ɗaya a fangali ɗaya, kuma fangalin da ke kallonsa ya zama irinsa.

Akwai wata hanyar da ta fi dacewa da mu, kuma ta Faransa ce tsantsa. Tsakanin 1678 da 1683 Jean-Baptiste de La Quintinie ya kafa wa sarki lambun kayan miya mai hekta tara a Bersai, yana nan har yau. A Villandry kuma, gidan da Joachim Carvallo ya saya a 1906 ya sake tsara lambunsa, murabba'i tara ne na kayan lambu da aka jera bisa launin ganye. Mai fangali huɗu a Kaduna na iya yin haka daga Nuwamba zuwa Fabrairu da latas da kabeji da karas da albasa da lansir, da damina kuma jan alayyafo da yakuwa da tattasai da gauta. Ruwan da za a ba ciyawa ya koma tukunya. Sharaɗin kawai a riƙa renon wani dashen a gefe, don duk abin da aka cire a mayar da madadinsa a ranar. A bakin hanya, inda Faransawa ke sa wani tsiro mai ƙamshi da ake kira labanda, a sa ɗoɗɗoya ko ciyawar shayi mai ƙamshin lemun tsami. Na'a-na'a a bar ta a tukunya, yaɗuwa take yi.

A lemo mun fi su sa'a. A Bersai bishiyoyin lemo da rumman na cikin akwatunan katako ne don a shigar da su ɗaki lokacin sanyi a fito da su a watan Mayu. Mu ba ma buƙatar ɗaki, kuma katako abincin gara ne. Rabin duro ko tukunyar siminti mai faɗin santimita 60 ta yi, a huda ƙasanta wuri biyar ko shida, a ɗora a kan bulo, a shafa musu fenti iri ɗaya mai haske don baƙin ƙarfe dafa saiwa yake yi. A sayi lemo mai aure, a bar kara ɗaya ya kai mita guda, a cire duk tohon da ya fito ƙasa da wurin auren, a zagaye kan kamar ƙwallo. Guda huɗu a mahaɗar hanyoyi sun isa. Tafki kuwa a yi tunani sau biyu. Sauro na tashi daga ƙwai zuwa mai cizo cikin mako guda zuwa kwana goma, ƙurar hunturu na toshe injin, ga kuma yara. In an nace, a yi shi marar zurfi, a zuba ƙananan kifi ko a riƙa zubar da ruwan duk mako.

Farin ƙwaro da darɓa sun fi tashi a rani, kuma tururuwa ce ke kiwon su, don haka ganin ta tana hawa da sauka alama ce. A daka ƙwayar darbejiya giram 50 ga kowace lita ta ruwa, a jiƙa ta kwana, a tace, a ɗiga ɗan sabulu, a fesa bayan ganye da yamma, a maimaita bayan mako guda. Gidan da ke da ƙananan yara ko awaki ya guji oliyanda, mai dogon ganye da fure ruwan hoda ko fari, da 'yar uwarta mai ɗorawar fure kamar ƙararrawa, da bini-da-zugu. Dukkansu guba ne. Akuya kuma in tana shiga, a fara da ƙyaure kafin dashe.

Roƙonmu na ƙarshe, Malam Edita, ga masu kula da wuraren shaƙatawa ne da harabar makarantu a jihar nan. A rataya wa kowace bishiya da kowane shinge ɗan allo mai sunansa na Hausa da na kimiyya da shekarar da aka dasa shi in an sani. A ɗaura allon da waya mai sako-sako ko a kafa shi a ƙasa, kada a buga ƙusa a jikin itacen. Ɗaliban Afaka da na Samaru za su iya wannan aiki a hutu ɗaya.

Mun gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku,
Wasu masu aikin lambu da renon dashe,
Kaduna.